Inna ta ƙi barin abokiyar zamanta bayan takaba

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, ina neman shawara. Baba ya rasu a watan Rajab. Inna da abokiyar zamanta, wadda muke kira Goggo, tare suka yi takabarsu ta wata 4 da kwana 10 a gidanmu na Kurna. Yanzu yayanmu yana so a sayar da gidan a raba gado, ni kuma na ce Inna ta dawo wurina Kaduna. Ta ce babu inda za ta je ta bar Goggo.

Abin ya ɗaure min kai. Mun tashi muna ganin sai su yi wata ba sa ga maciji a kan ranar girki. Yau kwano ɗaya suke ci, Inna ce ma ke tuna mata maganin hawan jini. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, manyan danginta duk sun rasu. In matsa wa Inna ko in ƙyale ta?

Hajiyar Gwale:
Allah ya jiƙan mahaifinku. 'Yata, shekarata 9 da rasa maigida. Bayan sadakar arba'in gida ya yi tsit, kowa ya koma harkarsa. Wadda ta riƙe ni ƙawata ce ta adashi, mijinta na raye, amma kullum bayan la'asar sai ta shigo mu tsinke zogale, ranar Asabar ta ja ni Islamiyya. Ɗana ya taɓa ɗauke ni zuwa Abuja. Abinci ba a magana, sai dai babu wadda zan ce wa "kin tuna?" Wata 2 na yi na dawo. Kada ki raba su.

Ɗan Fagge:
Ku duba lissafin gadon da kyau. Tunda akwai 'ya'ya, matan mamaci tumuni suke da shi, kashi 1 cikin 8, su biyun kuma raba shi za su yi. Da wuya kason Goggo ya saya mata ko ɗaki. Ina ganin abin da Inna ta hango ke nan, kunya ta hana ta faɗa muku.

Uwar Gida:
Yayanku ma yana da haƙƙi, kada a ga laifinsa. A yi wa gidan kuɗi, masu hali cikinku su biya shi rabonsa, tsofaffin su ci gaba da zama.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Wallahi ban taɓa lissafa kason Goggo ba sai yanzu. Juma'a zan shiga Kano, kawunmu zan fara samu kafin in tunkari Yaya.