Neman shawara: ta ina zan fara neman asalin kakana Bature?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakana na wajen uwa Baturen Ingila ne, ya yi aikin kuza a Bukuru kafin 'yancin kai. Ya koma ƙasarsu mahaifiyata ko tafiya ba ta fara ba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kakata har ta rasu "Mai Lofe" take ce masa. Abin da ya rage mana hoto ne guda, yana tsaye da gajeren wando da malafa. A baya an rubuta suna da 1947 da fensir, amma gara ta ci rabin sunan. Hajiya, wato mahaifiyata, ta manyanta, kwanan nan kullum zancensa take yi. Don Allah ta ina zan fara?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ki fara da Hajiyar tukuna. Ki ajiye waya kusa da ita tana naɗar murya, ki bar ta ta yi ta hira, kada ki katse ta. Waye kukunsa? Waye direbansa? Da damina ya tafi ko da rani? Masu aikin gidan Turawa sun fi kowa sanin sunansu na gaskiya, kuma wataƙila 'ya'yansu na nan Bukuru har yau.

Malam Sani, Leeds: Gaskiyar Baban Ummi, sai da suna ake buɗe komai a nan. Amma rabin suna da shekara ba ƙaramin abu ba ne. A lokacin yawancinsu jirgin ruwan Elder Dempster suke bi tsakanin Legas da Liverpool. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan tana da jerin fasinjojin da suka sauka Birtaniya daga 1878 zuwa 1960, ana kuma iya duba su a intanet. Na shekarun 1940 akwai suna, shekaru, sana'a, har adireshin da mutum zai sauka. Ki tace waɗanda suka taso daga Legas masu sana'ar haƙar ma'adinai, ki ga wane suna ya yi daidai da guntun naki.

In kin same shi, sauran ya zo da sauƙi. Tun 1837 hukuma ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila, kuma shafin FreeBMD da ake neman sunayen da ke cikin rajistar kyauta ne. Ƙidayar 1921 an buɗe ta a 2022. Kada ki wahalar da kanki neman ta 1931, gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuma yaƙi ya hana a yi. Rajistar jama'a ta 1939 ce ke cike wannan giɓin. Ki duba yankin Cornwall na Ingila ma, a da ƙasar haƙar kuza ce, mutanensu da yawa sun yi aiki a Filato.

Hajiya Talatu: Ni dai 'yar nan ki bi a sannu. Mutumin nan ƙila ya koma ya yi aure ya hayayyafa, iyalinsa ba su san da ku ba. Gwajin DNA da yara ke rububi yanzu zai iya haɗa ki da jikokinsa, amma ba kowa zai yi murna ba. Ki tambayi Hajiya ko ta yarda a buɗe zancen kafin ki aika wa kowa saƙo. Labarinta ne kafin ya zama naki.

Ɗan Kakuri: Anti, kada ki tsallake gida. Ma'adanar tarihi ta Kaduna tana da fayilolin Lardin Filato. Sai dai jerin sunayen ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka ba zai amfane ki ba in ma'aikacin kamfani ne, ki nemi fayilolin lasisin haƙar kuza. Da ƙafarki za ki je, kuma ki tafi da haƙuri.

Maman Sadiƙ: Allah ya saka da alheri. Na tambayi Hajiya, ta ce a nema, kabarinsa kawai take son sanin inda yake. Hoton fa, in kai a manna masa leda?

Malam Sani, Leeds: A'a, kada ki soma! Zafin injin zai lalata shi, kuma ba ya ɓaruwa. Ki ɗauki hoton gaba da baya a hasken rana, ki sa shi cikin ambulan nesa da danshi. Ki turo min bayan ta akwatin sirri in gwada karanta sunan.