Barazanar nukiliya tana hana ƙasa ɗaukar nauyin 'yan ta'adda kuwa?

Garba_Funtua: Salamu alaikum. A Janairun 2006 shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi gargaɗin cewa duk ƙasar da ta turo musu 'yan ta'adda, martanin ba lallai ya tsaya kan makaman da aka saba ba. Masana, irin wannan barazana tana aiki kuwa?

Dakta_Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Garba, dubi Indiya da Pakistan, waɗanda dukkansu suka gwada bam na nukiliya a Mayun 1998. Ranar 13 ga Disamba 2001 aka kai hari majalisar dokokin Indiya. Indiya ta jibge soja kusan rabin miliyan a kan iyaka, amma manyan rundunoninta sun kwashe kusan mako uku kafin su isa. Kafin nan Amurka ta shiga tsakani, shugaban Pakistan na lokacin Pervez Musharraf kuma ya sanar da haramta Lashkar-e-Taiba da Jaish-e-Mohammed, ƙungiyoyin da Indiya ta zarga da kai harin. Bayan wata goma aka janye ba tare da yaƙi ba. A 2008 mahara goma daga Pakistan suka kashe mutum 166 a Mumbai, Indiya ba ta kai farmaki ba. Bam ɗin ya zame wa wanda ake zargi lema, don kowa ya san ba mai ƙona birni guda saboda harin mutum goma.

Injiniya_Sani: Ga kuma matsalar gano mai laifi. Ko da bam na nukiliya 'yan ta'adda suka tayar, masu bincike sai sun tattara ƙurar wurin, su auna nau'o'in fulutoniyam ko yuraniyam da ke ciki, su kwatanta da samfurin da suke da shi. Aikin yana iya cin makonni. Ko an gano tashar da ta samar da kayan, hakan bai nuna ko bayarwa aka yi ko sacewa ba.

Dakta_Rabi: Haka ne, Injiniya. Shi ya sa Indiya ta koma ga martani mai iyaka. Da ta tsara saurin kutsawa da tankoki, sai Pakistan ta gwada Nasr a 2011, makami mai linzami mai zangon kilomita 60, don tarwatsa tankokin a fagen daga. Bayan harin Pulwama na 2019 a yankin Kashmir da ke hannun Indiya da ya kashe jami'ai 40, jiragen sama Indiya ta tura Balakot da ke cikin Pakistan. A ganina matsin kuɗi ya fi cizo: hukumar FATF mai yaƙi da safarar kuɗi ga ta'addanci ta sa wa Pakistan ido daga 2018 zuwa 2022, kuma a cikin wannan lokacin ne kotun Pakistan ta ɗaure Hafiz Saeed, jagoran Lashkar-e-Taiba.