Shin iPhone 'yar Amurka ce ta asali?

Mai shagon waya a Katsina: Jama'a, ra'ayina shi ne iPhone 'yar Amurka, wadda lambarta ke ƙarewa da LL/A, ita ce ta asali, sauran duk na bayanta ne, shi ya sa masu saye ke kiranta da suna.

Ɗan kasuwa daga Daura: Alhaji, a gafarce ni, ban yarda ba. Tun daga iPhone 14 ta shekarar 2022, 'yar Amurka ba ta da wurin sa layi ko ɗaya, sai eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. Ni da nake bi ta Kongolam zuwa Damagaram da layin Najeriya da na Nijar a aljihu, 'yar Hong Kong mai cin layi biyu ta fi mini amfani nesa ba kusa ba.

Malamar makaranta: Ai MTN ta fara bayar da eSIM tun 2020, Airtel ma ta biyo baya, saboda haka wayar tana aiki a nan. Abin tsoron shi ne kulle. Ƙanena ya sayi wadda wani kamfanin sadarwa na can ya ɗaure, har yau ba ta karɓi layin kowa ba.

Mai gyaran waya: Alhaji, mu da muke buɗe cikinsu mun san ƙwaƙwalwar ɗaya ce, bambancin na doka ne da kasuwar kowace ƙasa. 'Yar Japan an daɗe da saninta da ƙarar kyamarar da ba ta kashuwa, 'yar China kuma ba ta kiran murya na FaceTime. In ana neman bambancin inji na gaske, a duba Samsung: Galaxy S24 ta Amurka ƙwaƙwalwarta samfurin Snapdragon ce, ta Turai kuwa samfurin Exynos. Kuma a lura, iPhone 14 mai LL/A da aka gani da wurin sa layi, mai yiwuwa fasa ta aka yi aka dasa mata.

Mai shagon waya: To, amma eSIM ba ta ɓacewa, kuma ɓarawo ba zai zare ta ba.

Ɗan kasuwa: Haka ne, Alhaji, sai dai ranar da wayar ta mutu a Matameye, mai kati zai zare layinsa ya sa a ƙaramar itel ya ci gaba da ciniki, mai eSIM kuwa sai ya dawo gida ya bi layi a ofis da lambar NIN.