Ta yaya bakteriya ke gane sun yi yawa, kuma me ke hana CV026 yin launi?

Ɗalibin Maikro:
Assalamu alaikum malamai. Tambayoyi biyu gare ni. Bakteriya ba ta da ido ba ta da kunne, to ta yaya take gane cewa 'yan uwanta sun taru da yawa har su fara aiki tare? Na biyu, a gwajin faranti da Chromobacterium violaceum CV026, me ke sa launin shunayya ya fito dishi-dishi ko ya ƙi fitowa in an ja layin Pseudomonas aeruginosa kusa da ita?

Malama Binta:
Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta farko. Kowace ƙwaya tana sakin wani ɗan sinadari a kai a kai, kuma tana da furotin da ke kama wannan sinadarin. In ƙwayoyin kaɗan ne, sinadarin watsewa yake yi. In sun cunkushe sai ya taru, kamar turaren wuta a ɗakin da aka rufe.

A jikin Vibrio fischeri aka fara gane wannan, wata bakteriyar teku mai ba da haske. A 1970 Nealson, Platt da Hastings suka lura ba ta haske sai ta yi yawa a kwalba. Furotin LuxI ne ke haɗa sinadarin, wato 3-oxo-C6-HSL, ɗaya daga dangin sinadaran saƙo da ake kira AHL, kuma yana ratsa bangon ƙwaya ya fita ya dawo ba tare da wani ya ɗauke shi ba. In ya kai wani mizani sai ya manne wa LuxR, shi kuma LuxR ya kunna jerin ƙwayoyin gado na haske. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, luxI kansa, wato ƙwayar gadon da ke samar da LuxI, yana cikin jerin da ake kunnawa. Don haka da zarar an fara, sinadarin ƙaruwa yake yi ninki-ba-ninki, taron duka ya kunna kusan lokaci guda. A ruwan teku ba ta haske, amma a cikin jikin wani ƙaramin sikwid (dabbar ruwa mai hannuwa da yawa) na tekun Hawayi, inda take cunkushe, tana yi.

Ba kowa ke amfani da AHL ba. Staphylococcus aureus gajeren feftaid, wato guntun furotin, take saki, kuma ba ya shiga ciki, a bakin bango furotin AgrC ke kama shi ya miƙa saƙon ga furotin AgrA da ke ciki.

Dakta Sani:
Ɗan'uwa, matsalar farantinka ta fi yawa daga abubuwa uku. CV026 an lalata mata hanyar haɗa AHL nata, sai ta samu daga waje take yin launi, amma AHL masu gajeriyar jela take ji, wato masu kabon 4 zuwa 8 a jelarsu (C4 zuwa C8), kuma C6 ta fi so. Pseudomonas tana fitar da C4-HSL, wanda CV026 ke ji da rauni, tana kuma fitar da 3-oxo-C12-HSL mai doguwar jela, wanda ke danne launin. Ka ga guda yana kunnawa, guda yana kashewa. In mai doguwar jela kake nema, koma ga wata bakteriyar gwaji, Agrobacterium tumefaciens NTL4, tare da sinadarin X-gal, za ka ga shuɗi.

Na biyu zafi. A ajiye farantin a digiri 28 zuwa 30, awa 24 zuwa 48, kada a sa shi a 37 don an saba. Na uku, kuma shi aka fi mantawa, pH. Zoben laktan da ke jikin AHL yana buɗewa in ruwan ya koma alkali, kuma LB, abincin da ake renon bakteriya a ciki, kan haura pH 8 in bakteriya sun daɗe a ciki. Sai a sa MOPS, sinadarin da ke daidaita pH, milimola 50, a riƙe pH ɗin kusa da 6.8. In tatsar sinadarin za a yi, a ɗebi ruwan a ƙarshen lokacin hayayyafa, a tace ƙwayoyin, a girgiza shi sau biyu da etil asitet mai ɗan asid daidai yawansa, a busar.

A bar tazarar kusan rabin santimita tsakanin layukan biyu, domin fayosiyanin, wata guba da Pseudomonas ke fitarwa, na iya hana CV026 girma in sun haɗu. Kuma ko yaushe a ɗiga C6-HSL na kanti a gefe guda. In nan ma ba launi, matsalar daga CV026 ɗin take.

Malam Habu:
Ina da ɗan gyara kan yadda ake koyar da wannan. Ƙwayar ba ƙidaya take yi ba, yawan sinadari kawai take aunawa. Ƙwayoyi ƙalilan a cikin matsattsen wuri suna iya kunnawa, taro mai yawa a ruwa mai gudu kuma ya kasa. Rosemary Redfield ta ja hankali kan haka tun 2002, kuma ina ganin ya kamata a riƙa faɗa wa ɗalibai.

Sannan kada a ɗauka yawa kullum na nufin ƙarin illa. Vibrio cholerae, mai haddasa amai da gudawa da ke addabarmu da damina, akasin haka take. Tana kaɗan a hanji take manne wa bango ta fitar da guba. In ta yi yawa sai furotin HapR ya danne gubar, ta saki bangon, ta bi bayan gida ta fita neman wani.

Ɗalibin Maikro:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Ke nan in an toshe wannan saƙon, ya zama magani?

Malama Binta:
Ana ta bincike a kai, kuma a tsirrai an ga nasara. A 2000 aka gano AiiA a jikin wata Bacillus, enzayim mai buɗe zoben AHL, kuma dankalin turawa da aka sa wa shi ya jure ruɓewar da bakteriyar Erwinia ke jawowa. A jikin mutum abin ya fi wuya. Pseudomonas tana da hanyoyin saƙo uku masu haɗe da juna, las da rhl da PQS, kuma a huhun masu daɗaɗɗen ciwo ana yawan samun Pseudomonas waɗanda lasR ɗinsu, wato ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon las, ya riga ya lalace amma suna ci gaba da cutarwa. In za ka gwada wani ganye a kan CV026, ka auna girman bakteriyar tare da launin, domin abin da ya kashe ta shi ma zai ɗauke launi.