Sau biyu ana yi wa karyata barbara ba ta ɗauki ciki ba, ko in gwada ɗurin maniyyi?

Sabon_Makiyayi:

Salam jama'a. Dan Allah masu kiwon karnuka da likitocin dabbobi da ke nan ku taimaka min da shawara don kaina ya ɗaure. Ina da karya Jaman Shefad, shekararta uku, lafiyarta ƙalau, tana ci tana wasa, allurorin rigakafinta duk an yi. Sau biyu ke nan ina kai ta barbara. Yadda aka koya min shi ne in ƙirga daga ranar da na fara ganin jini, rana ta 11 da ta 13 in kai ta wajen namiji, haka na yi duka biyun. Na farko ma har sun kulle kusan minti ashirin ina tsaye ina kallo, na dawo gida da murna, bayan wata guda nonuwanta suka kumbura ta fara jan tsummokara tana tarawa a lungu, har ruwan nono ya fito, na ce shi ke nan an dace, muka yi ta jira har kwana saba'in shiru kake ji. Na biyu kuwa ko yarda ba ta yi da namijin ba sosai, sai haushi da kai cizo.

Yanzu wani ya ce min in daina wahala, yana da hanyar samun daskararren maniyyi na wani kare mai kyau daga waje, a ɗura mata kawai. Tambayata: shin ɗurin ya fi barbara tabbas ne? Kuma anya ba juya ba ce karyar tawa?

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, ni ban ga alamar juya a labarin nan ba, abin da na gani shi ne ƙirgen kwana, kuma wannan ƙirgen 11 da 13 ɗin wlh ya cuci mutane da yawa, ni ma ya cuce ni shekarun baya. Ba duk karya ke sakin ƙwai rana ɗaya ba. Ina da wata Rotwaila da sai rana ta 17 ko 18 take tsayawa namiji, 'yarta kuma da ta haifa da cikinta rana ta 9 ta gama shiryawa. In ka bi lissafi ɗaya a kansu duka biyun za ka rasa. Ballantana ma ranar da kai ka ga jini ba lallai ita ce rana ta farko ba, wata karyar akwai tsafta, tana lashewa kwana biyu uku kafin ka ga ɗigo a ƙasa.

Abin da ta yi maka na tara tsumma da ruwan nono, cikin ƙarya ne, kuma ba ciwo ba ne, ko karyar da namiji bai taɓa kusantarta ba tana yi. Kullewa kuma ba shaidar ciki ba ce, ana kullewa a tashi a tutar babu, ana kuma samun ciki ba a kulle ba.

Maganar daskararre kuwa ka ɗan dakata tukuna. Wanda bai iya saita lokaci da namiji mai rai ba, ina zai iya da na kwalba.

Likitar_Dabbobi:

Malam Sabon_Makiyayi sannu da ƙoƙari. Abin da Baba Tsohon_Hannu ya faɗa haka yake, bari in ƙara bayanin dalilin don ka gane me ya sa.

Lokacin da karya ke zubar da jini kashi biyu ne a jere. Kashin farko gabanta ya kumbura, maza na binta amma ba ta yarda, wannan a matsakaici kwana 9 ne amma yana iya zama 3 yana iya kaiwa 17. Sai kashi na biyu da take tsayawa ta kawar da wutsiya gefe, shi ma wajen kwana 9 a matsakaici. To ka ga tazarar da ke tsakanin 3 da 17, ta yaya lamba ɗaya za ta yi wa kowa?

Sannan karya tana da wani abu da ya bambanta ta da saniya ko akuya. Ƙwan da take saki ɗanye ne, bai nuna ba, sai ya yi kwana 2 zuwa 3 a cikin bututun mahaifa kafin maniyyi ya iya shigarsa. Shi ya sa muke auna jini. Akwai sinadarin furojestaron, mai shirya mahaifa ta riƙe ciki, da yake ƙasa sosai a jini kafin lokaci, in ya kai wajen 2 ng/ml (ma'aunin yawansa a jini ke nan) mun san sinadarin LH, wanda ke sa a saki ƙwai, ya yi tsalle, bayan kwana biyu sai sakin ƙwai, lokacin za ka ga furojestaron ɗin ya kai wajen 5 ko ya ɗan haura. Daga sakin ƙwai a ƙara kwana biyu, nan ne asalin lokacin barbara. Mukan fara ɗibar jini tun rana ta 5 ko 6, a maimaita duk bayan kwana biyu ko uku har a kama tashinsa, gwaji ɗaya tal ba ya faɗa maka komai sai in ka yi sa'a. Ka kuma lura da ma'aunin da aka rubuta a takardar sakamako, wasu ɗakunan gwaji nmol/L suke amfani da shi, lambar tana ninka ta ng/ml sau uku da ɗoriya, na sha ganin wanda ya ga 6 ya ruga da karya wajen namiji alhali a ng/ml ko 2 bai kai ba. Inda babu injin gwajin jinin, ana shafo gaban karyar da auduga a duba ƙwayoyin a madubin likita, yana nuna ta shiga lokaci amma ba ya nuna ranar sakin ƙwai daidai.

Yanzu maganar ɗuri. Ba sabon abu ba ne, a kan kare ma aka fara yin nasararsa, wani masanin Italiya Lazzaro Spallanzani ya ɗura wa karya wajen 1780 ta haifi 'yan kwikwiyo uku. Na daskararren maniyyi kuma tun 1969 aka samu haihuwa da shi. Amma iri uku ne kuma ba ɗaya suke ba:

Sabo, wanda aka tatsa yanzu aka ɗura yanzu, yana iya rayuwa a jikin karya kwana biyar har fiye, don haka ko ka ɗan yi kuskuren lokaci zai jira ƙwan. Mai sanyi, wanda aka gauraya da ruwan kariya aka aiko a kwalin ƙanƙara, in ya shiga jiki kwana ɗaya zuwa uku ne. Daskararre, wanda ke cikin ruwan naitirojin a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyas, zai yi shekaru a tulunsa lafiya lau amma da an narkar da shi awa 12 zuwa 24 kawai gare shi. Kuma shi ba a zuba shi a farji a tafi, dole a kai shi cikin mahaifa, ko dai da siririn bututu mai kyamara da ake bi ta bakin mahaifa karyar na tsaye ba a sa ta barci ba, wanda ake kira TCI, ko kuma a yanka ciki. Yankan nan ni ba na son shi, kuma a Birtaniya ma an hana yi wa karnuka ɗuri ta tiyata.

Don haka amsar tambayarka, a'a, daskararre bai fi barbara tabbas ba, shi ya fi kowanne wahalar saiti. Amfaninsa shi ne ka samu jinin karen da ke nesa ko wanda ya riga ya mutu.

Kafin komai ina so a yi abu uku. A gwada ta burusela, ita da namijin, cuta ce da ke kawo rashin ɗaukar ciki da ɓari wajen kwana 45 zuwa 55, ba ta warkewa gaba ɗaya kuma tana kama mutum. A yi mata sikanin a ga mahaifa da ƙwai. Sannan a duba maniyyin namijin. Namiji ɗaya ka kai ta duka biyun?

Sabon_Makiyayi:

Na gode likita, Allah ya saka da alheri. Eh namiji ɗaya ne, mai shi ya ce ya haifi 'ya'ya da yawa, ni dai ban tambayi yaushe ne na ƙarshe ba gsky, kuma karen ya ɗan manyanta zai yi shekara takwas ko tara. Burusela kam ban taɓa ma jin sunanta ba sai yau.

Likitar_Dabbobi:

To ka gani. "Ya haifi da yawa" labarin da ne. Kare mai shekara takwas sau da yawa ƙarfin maniyyinsa ya ragu, ga matsalar furostet, wani ƙullun nama da ke gindin mafitsarar namiji, da ke damun tsofaffin maza. Ko saurayin kare ma in ya yi zazzaɓi mai zafi sai maniyyinsa ya lalace, kuma sai ya ɗauki wajen wata biyu kafin sabo ya haɗu. Dubawar ba ta da wuya, a tatsa a ɗiga a gilashi, minti kaɗan za a ga ko suna gudu gaba ko suna kwance, muna son aƙalla kashi 70 cikin ɗari masu motsi. Mai namijin da ya ƙi yarda a duba, ka ɗauki karyarka ka yi gaba. Ka kuma sa a leƙa gabansa, akwai wani tsiro mai zubar jini kamar farin kabeji da ake ɗauka ta barbara, yana jin magani amma gara a kauce masa.

Maman_Buldog:

Ni dai abin da zan ce ɗan'uwa, kowa ya ce maka ya iya ɗuri ka tambaye shi shi likita ne ko kuwa a bidiyo ya koya. Ni na ɗanɗana. Wani aka haɗa ni da shi wai gwani ne, ya zo da sirinji da wani bututu a leda, ko safar hannu babu, ya ɗura ya ɗaga ƙafafunta na baya sama minti goma ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan sati biyar sai na ga tana ta shan ruwa kamar raƙumi, ta daina cin abinci, cikin ya ɗan taso ni kuma ina ta murna wai ciki ne, sai wata safiya na ga wani ruwa mai wari kalar madarar da ta lalace a inda ta kwana. Ashe mugunya ce ta cika mahaifar. Da daren nan aka shiga da ita tiyata aka cire mahaifar gaba ɗaya, ta rayu alhamdulillah amma haihuwa ta ƙare. Likitan ya ce min ba lallai ɗurin ne ya jawo ba don ciwon yana zuwa ko ba a taɓa karya ba a makonnin da ke bayan jininta, amma ni har yau zuciyata ba ta yarda da bututun ledar nan ba.

Kuma kada ka yi irin wautata ka sayi abin gwajin ciki na mata ka tara fitsarin karya lol, ba ya aiki a kansu ko kaɗan. Sikanin ake yi daga kwana 25 zuwa 30.

Mai_Faɗin_Gaskiya:

Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Duk ana ta maganar yadda za ta ɗauki ciki, ba wanda ya tambaya ko ya kamata ta ɗauka. Malam ka taɓa yi mata hoton ƙashin ƙugu? Jaman Shefad an san su da ciwon ƙugu da na gwiwar hannu kuma gado ne, ka haifo takwas ka raba wa mutane, shekara biyu a ga rabinsu na jan ƙafa. Ni abin da ke ba ni haushi da harkar ɗurin nan shi ne ana amfani da shi a rufe aibi. Karen da ba ya iya hawa, karyar da ba ta iya haihuwa da kanta, sai a ɗura a yanka a fito da 'ya'ya su ma su gaji abin. Hajiya Maman_Buldog kin fi ni sani, irin naku yawancinsu sai da tiyata ake ciro 'ya'yan saboda girman kai da ƙanƙantar ƙugu. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, ma a ƙa'idarta ta kiwo cewa ta yi kada a yi ɗuri ga karnukan da ba su taɓa haihuwa ta hanyar barbara ba, sai da dalili. Taka kuma ba ta taɓa haihuwa ba.

Maman_Buldog:

Hmm Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, amma ba zan musa ba, gaskiya ce. Tun abin da ya faru ban sake haɗa kowa ba.

Tsohon_Hannu:

Maganar ƙugun nan gaskiya ce a yi hoton. Ƙari ɗaya ƙanena, in Allah ya sa ta ɗauka, gwajin jinin nan zai sake yi maka rana, don daga ranar sakin ƙwai kwana 63 ne haihuwa, da ƙyar ya kauce da kwana ɗaya ko biyu, amma in daga ranar barbara kake ƙirge sai ka ga 58 sai ka ga 70, ka yi ta kwana a zaune. Bayan kwana 55 a yi hoton ƙashi a ƙirga kawuna, ka san ko saura a ciki. Satin ƙarshe ka riƙa auna zafin jikinta safe da yamma, in ya faɗo wajen digiri 37 a ma'aunin Selsiyas to cikin kwana guda za ta fara. In ka ga koren ruwa kafin ɗan fari ya fito, ko tana nishi da ƙarfi rabin awa ba komai, kada ka tsaya kiran abokai, kuma kada ka bari wani ya soka mata allurar naƙuda a gida, in ɗa ya gicciye mahaifar ce za ta fashe.

Sabon_Makiyayi:

Kai jama'a na gode ƙwarai, yau na san ban san komai ba. Na fasa maganar daskararren. Lissafina nan da wata biyu za ta sake jini, kafin nan zan kai ta a yi burusela da sikanin da hoton ƙugun, in ƙugun bai yi kyau ba to sai dai in haƙura ta zauna a matsayin mai gadi. Na kira mai namijin ɗazu na yi masa maganar duba maniyyi, ya ce wai karensa ba ya buƙatar jarrabawa, ya kashe waya. Likita, in na fara ganin jini ranar Asabar misali, ranar Alhamis zan kawo ta ɗibar farko ko in bari sai Juma'a?

Likitar_Dabbobi:

Alhamis ɗin. Kuma daga yanzu kullum da safe ka riƙa goga farin tishu a gabanta, don kada ta sake lashe maka kwana uku ba ka sani ba.