Daibin: wace kalma za mu ba shi da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema. Jiya bayan an tashi wasan ƙwallo mun kusa awa guda muna musu a kan fanareti ɗaya tak da aka bayar a mintin ƙarshe. Rabinmu na cewa ɗan wasan "daibin ya yi", wato shi ya zubar da kansa don a ba shi fanareti, rabi na rantsuwa cewa an taɗe shi. Sai da muryata ta dushe na lura duk Hausa muke zubawa ban da wannan kalma guda. Muna da satar gida, muna da bugun tazara da bugun kusurwa, ga alƙalin wasa, ga mai tsaron raga. Daibin kaɗai aka bari ba riga ba wando.

Sharaɗi ɗaya kafin kowa ya kawo tasa: ta zama kalmar da baki zai iya ɗauka cikin zafin wasa. Ku dubi "bugun daga kai sai mai tsaron gida". Fassara ce mai daɗi, ta zana abin kamar hoto, ga ka, ga ƙwallo a ɗigon yadi 12, ga gola yana zare ido. Masu labarin wasanni sun riƙe ta gam, kuma sun kyauta. Amma wa ya taɓa miƙewa tsaye ya kwarara kalmomi bakwai lokacin da aka kayar da ɗan wasansa? Kafin ka kai "mai tsaron" an buga an ci. "Fanareti!" kowa ke cewa.

Na riga na jefa wa jama'a tambayar, amsoshi kuma sun shigo. Wanda ya fara ba da amsa ya ce "nutso", wato ma'anar daibin ta asali a Turanci. Ɗan'uwa, na gode, amma wannan bin Turancin ne sau da ƙafa, kuma babu ruwa a fili. Jamusawa ba su yi haka ba. Tsattsewa suke ce wa abin a harshensu, saboda yadda tsuntsuwar ke shillo ƙasa-ƙasa da fikafikai a buɗe. Duk wanda ya ga ɗan gaba ya baje hannu yana shawagi cikin yadi na 18 ya san sun dace.

"Faɗuwar 'yan bori" ta ba ni dariya ƙwarai, sai dai ita da mazaunai ake yin ta, mai daibin kuwa rub da ciki yake zuwa.

Malam mai cewa "faɗuwar ganganci", kai ka fi kowa matsowa kusa, kuma na ga mutane da yawa sun bi bayanka. Ga inda nake da ja. Gola ma da gangan yake faɗuwa idan zai kaɗe ƙwallo, mai tsaron baya ma da gangan yake zubewa ya share ta, kuma ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Abin da Doka ta 12 cikin dokokin ƙwallon ƙafa ke hukuntawa da katin gargaɗi shi ne yunƙurin yaudarar alƙali, wato ka nuna an yi maka ƙeta alhali ba a yi ba. To dole kalmar ta ɗauko yaudarar a cikinta. Shi ya sa na tsaya a kan "faɗuwar ƙarya". Kuma ta cika sharaɗin farko, don gajeren nata yana bakinmu tun tuni: "Ƙarya ne!"

Amma da na gwada ta a kan wasannin da kowa ya sani, sai na ga ashe abubuwa daban-daban muke cusawa cikin buhun daibin, kuma a nan musun namu ke ƙin ƙarewa.

Ku tuna Holan da Meziko a gasar cin kofin duniya ta 2014, a Fortaleza. Ana kunnen doki 1-1, an shiga ƙarin lokaci, Rafael Márquez na Meziko ya miƙa ƙafa, Arjen Robben na Holan ya zube kamar an harbe shi, alƙali Pedro Proença ya nuna ɗigo, Huntelaar ya ci, Meziko ta koma gida. Har yau 'yan Meziko na cewa ba fanareti ba ne. Robben da bakinsa ya amsa cewa ya yi faɗuwar ƙarya a kashin farko na wasan, amma ya ce ta ƙarshen ƙeta ce ta gaske. Ni a ganina ƙafar Márquez ta taɓa shi, shi kuma dama jiran ta yake, faɗuwa ta zo daidai da zama. Wannan ba zan kira shi ƙarya tsagwaronta ba. Ƙarin gishiri ne: an taɓa ka da yatsa, ka faɗi kamar an maka maka taɓarya. Irinsa Neymar na Brazil ya yi a wasansu da Kosta Rika a 2018, alƙali Björn Kuipers ya bayar da fanareti, ya je ya duba bidiyo, ya dawo ya soke.

Akwai kuma na Rivaldo na Brazil a wasansu da Turkiyya a 2002. Hakan Ünsal ya dako masa ƙwallo ta same shi a ƙafa, shi kuwa ya dafe fuska ya kwanta. Aka kori Ünsal, daga baya FIFA ta ci Rivaldo tara. Yaya da ta kawo "lambo", ga gurbin kalmarki: mutum ya kwanta yana nuna ciwon da babu shi, ido ɗaya a kan alƙali.

Saboda haka ni daga yau faɗuwar ƙarya zan riƙa rubutawa idan ba a taɓa mutum ba, ƙarin gishiri idan an taɓa shi ya zuzuta. Mai kalmar da ta fi su gajarta ya kawo, zan sauka.

Na jiya kuwa na sake kallonsa sau shida, a hankali. Gwiwar mai tsaron bayan ta goge shi, amma tun kafin ta iso ya fara sunkuyawa. Ƙarin gishiri ne, da ludayi ma. Ƙungiyata aka ba, don haka kar wanda ya tambaye ni ko ya kamata a soke.