Spring Boot ko Quarkus, kuma in bar JHipster ya rubuta mini kod ɗin?

MaiSito:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi mai sito huɗu. Manhajar da ke riƙe da lissafin kaya da rasit da Java aka rubuta ta tun zamanin EJB 2 (tsohon tsarin gina manhajojin kamfanoni), wanda ya rubuta ya daɗe da barin aiki, fayilolin XML ɗinta har sun fi kod ɗin yawa. In na kashe sabar na kunna, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba.

Oga ya yarda a sake gini. Mu biyu ne kacal, ni da wani yaro da ya gama bautar ƙasa bara. Sabar da muke haya giga 4 ne RAM ɗinta, da dala ake biya, don haka oga ba ya son jin maganar ƙari. Cikin ginshiƙan da ake ɗora manhajar Java a kai, Spring Boot na sani, amma ana ta ce mini Quarkus ya fi sauƙin nauyi. Sannan jiya da dare na gwada JHipster, janaretan da ke rubuta maka kod da kansa: na rubuta teburanmu a ɗan fayil na JDL (yaren da JHipster ke karantawa), kafin shayina ya huce ya zubo mini shafin shiga, fuskar manhaja ta Angular, Liquibase mai kula da sauye-sauyen rumbun bayanai, komai. Abin ya burge ni, ya kuma ba ni tsoro. Me kuka gani?

TsohonHannu:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka tuna mini da baya. Spring ɗin nan da ake cewa ya yi nauyi, don gudun nauyin EJB Rod Johnson ya ƙirƙiro shi, 1.0 ya fito a 2004, mu a lokacin shi ne "mara nauyi". Quarkus na Red Hat (2019) da Micronaut (2018) dabararsu ita ce su gama haɗa sassan manhaja tun lokacin gini, aikin da Spring ya saba yi lokacin tashi. Shi ya sa suke tashi da wuri, ba sa cin RAM sosai. Amma wannan ribar ta mai kwantena ɗari ce (kwafe-kwafen manhaja, kowanne a keɓe a sabar) masu mutuwa suna tashi duk yini. Taka sau nawa za ta tashi, sau ɗaya a mako? Giga 4 ya ishi Spring Boot har da canji. Riƙe abin da ka sani, wanda in ya lalace ƙarfe biyun dare yaronka zai samu amsa a intanet.

Janaretan kod kuwa, na sha wuyarsa. A wani wurin da na yi aiki mun fitar da manhaja gaba ɗaya da irinsa, muka bi muna gyara fayilolin da hannu. Wani abokin aiki ya saka ƙa'idar rangwamen manyan dillalai cikin ɗaya daga cikinsu. Bayan wata biyar aka ƙara gurbi ɗaya a tebur, ni da hannuna na sake kunna janareta, ya tambaye ni ko ya shafe tsofaffin fayiloli, na danna "duka" ban karanta ba. Ranar Alhamis ce. Sai Asabar da safe wani dillali ya iso ofis da rasit a hannu yana faɗa, an caje shi cikakken kuɗi a katan ɗari uku. Git mai ajiye tarihin kod ne ya cece mu, amma kunyar ba ta goge ba. Kod layi dubu ashirin da ba kai ka rubuta ba, kai za ka yi renonsa.

'YarKod:

Yaya TsohonHannu, maganarka a kan Spring haka take, amma kar ka sa ya jefar da jariri da ruwan wanka saboda abin da ya same ka. Laifin gyaran hannu ne. Akwai janaretan da ba a taɓa abin da ya fitar. Ni kullum da uku nake aiki: jOOQ yana karanta rumbun bayanai ya fitar da aji ga kowane tebur, in ka sauya sunan gurbi tun wajen gini kod zai ƙi haɗuwa, ba sai kwastoma ya gano maka ba. OpenAPI Generator yana fitar da ƙofofin API daga fayil guda. MapStruct kuma ya ɗauke maka kwashe bayanai daga wannan aji zuwa wancan. Dukkansu a target/generated-sources suke zubawa, ba na ma saka su a Git, kowane gini sabo ake yi.

Malam MaiSito, ka lura Spring Boot 3 sai da Java 17, kuma duk sunayen fakitin Java EE masu farawa da javax sun koma jakarta, don haka tsohon kod ɗinku ba zai kwafu kai tsaye ba. Wane rumbu kuke amfani da shi? jOOQ kyauta ne a PostgreSQL da MySQL, amma a Oracle da SQL Server sai da lasisi.

Bagobiri_Dev:

Ni roƙona ɗaya, kar wani ya zuga ka ka saka Kafka, babban tsarin aika saƙonni tsakanin manhajoji, don sito huɗu. In netwok na yanke muku, RabbitMQ, shi ma mai aika saƙonnin ne, ya isa, ko ma tebur guda na saƙonnin da ke jiran turawa.

MaiSito:

Allah Ya saka da alheri. Spring Boot ɗin zan riƙe, JHipster kuma in bar shi a gefe ina leƙa yadda ya tsara tsaro. 'Yar uwa, kin taɓo inda ke mini ciwo: Oracle ne, kuma yanzu na duba, lissafin ragowar kaya duk a cikin tiriga goma sha ɗaya na PL/SQL yake (kod ɗin da Oracle ke kunnawa da kansa in an taɓa tebur), babu ko layi ɗaya na bayani. Akwai wanda ya taɓa kwashe irin wannan zuwa PostgreSQL ba tare da an rufe sito ba?